Fanshon Baba da kuɗin maganin hawan jini

Idan kuna da dattijo ɗan fansho a gida, ku tambaye shi yau: kullum yake shan maganin hawan jininsa, ko tsallake kwana yake yi? A wurin aiki na sha ganin masu raba ƙwaya biyu don ta kai su ƙarshen wata.

Wani tsohon malamin firamare a Birnin Gwari ya zayyana mini lissafinsa. A da, fansho ciko ne kawai, masara da dawa ke riƙe gida. Da 'yan bindiga suka mamaye dazukan Kamuku da Kuyambana, gona ta gagara, hanyar Kaduna ta Buruku ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na magani suka yi sama.

Ya yaba da sulhun Nuwamban 2024 da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara. Amma a ganinsa 'yan siyasar Abuja ba sa tuna ɗan fansho sai zaɓe ya ƙarato. Ban ga laifinsa ba. Yanzu gonar ta buɗe, sai dai ba shi da kuɗin taki, ƙarfin noman ma ya tafi.