"Baba, Ka Zauna Ka Huta": Gaskiya da Ƙarya Kan Motsa Jikin Dattawa a Ƙasar Gumel

A ƙasar Gumel, tun daga cikin Lautai har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai alamar da ake gane ɗan albarka da ita. Da zarar Allah ya yi masa buɗi, sai ya karɓe fartanya daga hannun mahaifinsa ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya jingine tsohon keken, ya sa yaro ya riƙa kai Baba masallaci a kan babur. Iya kuma a samo mata yarinyar da za ta miƙo mata ko da buta ce. "Baba, ka zauna ka huta, ai ka yi mai wuyar." Niyya ce kyakkyawa. Sai dai a inuwarta wasu maganganu sun samu gindin zama a majalisu da tsakar gida, kuma ba dukkansu ne gaskiya ba.

Babbar cikinsu ita ce wai ƙarfin tsoho ƙarewa yake idan ana amfani da shi, don haka hutu ne ke adana shi. Ba haka ba ne. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, likitoci sun kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, sai aka tarar kwanciyar mako ukun ta fi shekara talatin ɗin rage musu ƙarfin zuciya da numfashi. Dama tsokar jiki tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma bayan mutum ya haura 30, abin ya ƙara gudu bayan 60, zama kuwa ingiza shi yake yi. Dattijon da bara yake miƙewa daga tabarma tsaf, bana sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya lalubi bango. Baɗi kuma a ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu. Sai kowa ya ce tsufa ne. Wani kason na tsufa ne, wani kuwa mu 'ya'ya ne muka saya masa da kuɗinmu.

Masu cewa lokaci ya wuce sukan kafa hujja da cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsoka dai ba ice ba ce. A 1990 likita Maria Fiatarone ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, inda mutum goma 'yan shekara 86 zuwa 96 suka riƙa ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa sau uku.

Maganar da ta fi kowacce nauyi a nan ba ta likita ba ce, ta mutunci ce: wai motsa jiki zubar da girma ne. A nan akwai gaskiyar da ba za a kauce mata ba. Dambe, kokawa, langa da ƙwallo duk na samari ne a idon jama'a, kuma dattijon da ya fito da gajeren wando yana sassarfa a bakin titi, kafin azahar labari ya zaga gari cewa Alhaji ya fara ruɗewa. Tsoron wannan bakin na gaske ne, kuma ya fi ciwon gwiwa zaunar da mutane. Inda ƙaryar take shi ne ɗaukar cewa motsa jiki sai da kayan 'yan wasa. Tafiya mai ɗan sauri cikin riga da hula, wadda za ta ɗaga numfashi amma ba ta hana magana ba, ta wadatar. Ta fuskar addini ma babu abin kunya: ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Kuma duk wanda ya je aikin Hajji ya san Safa da Marwa kaɗai ta kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da jifa. Ɗan da ya biya wa Iya kujera amma ya hana ta taka ƙafa shekara biyar, keken da ake tura marasa ƙarfi ya tanadar mata.

Akwai kuma abin da ba a cika lissafawa ba. Ranar da aka karɓe keken Baba, ba keke kaɗai aka karɓe ba. An yanke masa zuwa gona, gaisuwar mutuwa a ƙauyen gaba, da tsayawa wurin mai goro a yi raha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffi suna rayuwa a ware daga jama'a. Mukan ce wannan matsalar Turawa ce, tunda gidajenmu cike suke. Amma tsohuwa tana iya zama a ɗaki cikin gida mai mutum talatin, ana kai mata tuwo, ba mai zama ya ji ta bakinta. Damuwa da rashin barci sukan biyo baya, kuma bincike da dama ya nuna motsi a kai a kai yana rage su, musamman idan ana yi tare da sa'o'i. Fauja Singh, Ba'indiyen da ya zauna a Landan, baƙin cikin rasuwar matarsa da ɗansa ne ya kai shi ga gudu yana da shekara 89, har ya kammala tseren kilomita 42 a Toronto a 2011 yana da shekara 100. Kundin Guinness bai rubuta ba don ba shi da takardar haihuwa, matsalar da tsofaffinmu ma sun san ta. Ba cewa ake Iya ta yi gudu ba. A bar ta ta tafi barka da suna da ƙafarta, ita da ƙawayenta.

"Mu manoma ne, aikinmu ya ishe mu." Wannan rabin gaskiya ce. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta fitar a 2020 ta nemi ɗan shekara 65 zuwa sama ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, kuma aikin gona da na gida duk suna cikin lissafi. Wanda ke noman gero da riɗi, ko dillalin da ke wuni yana zaga karar Maigatari ranar Alhamis tsakanin shanu da raƙuma, ya cika ma'auni har ya zarce. Matsalar ita ce damina wata huɗu ce. Da an kai amfani rumbu, da yawa sai dara a gindin bishiya har ruwan fari. Sannan ƙa'idar ta ƙara da ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku, don faɗuwa ita ce ke karya ƙugun tsofaffi. Tashi da zama daga kujera sau goma ba dafawa, da tsayuwa kan ƙafa ɗaya kusa da bango, ba sa buƙatar sisi. Ruku'u da sujada suna taimakon gaɓoɓi, amma ba sa ɗaga numfashi. Takawa zuwa masallaci sau biyar ita ke yin wannan.

Taku dubu goma da wayoyi ke nema kuwa, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta Japan ya samo asali a shekarun 1960. Nazarin da aka wallafa a 2022 ya nuna ga wanda ya kai 60, amfanin yana cika ne tsakanin taku 6,000 da 8,000.

Saura masu cewa motsi yana kayar da mai hawan jini. Suna da hujja, amma ta wuri guda: wanda ya daɗe a zaune ya zabura ya kama aiki mai tsanani, haɗarin bugun zuciya yana ƙaruwa a wannan lokacin. Tafiya ta yau da kullum kuwa sauke jinin take yi, ko da yake ba ta maye gurbin magani, kuma gumi ba ya fitar da ciwon suga kamar yadda ake yaɗawa. Mai ciwon gwiwa ma motsi ne farkon abin da likitoci ke ba shi shawara. A fara da minti goma, a ƙara a hankali. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi bayan asuba ko dab da magariba, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba, domin tsufa yana dusashe jin ƙishirwa. Mai allurar insulin kada ya fita da yunwa. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi komawa daidai bayan an tsaya, waɗannan na asibiti ne a ranar, ko Babban Asibitin Gumel ko wanda ya fi kusa.