Ilmin Da Aka Kulle, Da Albasar Aliero

Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero da rani ya ga arzikin ƙasan nan da idonsa. Ga albasa tuli-tuli a bakin hanya, ga manyan motoci ana lodi za su Kudu. Amma in ka tambayi manomi abin da ya fi damunsa, zai ce maka ruɓa. Ya yi wata da watanni yana ban ruwa, ya zuba amfaninsa a rudu yana jiran kasuwa ta yi kyau, ran da ya buɗe sai ya tarar wani kashi ya lalace.

To, masana a Indiya da Holan da wasu ƙasashe sun daɗe suna binciken cututtukan albasa da dabarun ajiyarta. Abin da suka gano suna buga shi a mujallun masana, amma da yawa cikin mujallun nan sai da kuɗi mai tsoka a ke karanta su. Watau ga ilmi, ga mabukaci, ga ƙofa a kulle tsakaninsu. Malamin jami'ar kimiyya da aka kafa a Aliero a 2006 ya kan ga sunan binciken da ya ke nema a kwamfuta, sa'an nan a ce ya biya dala kafin ya karanta.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba haka muka gada ba. Littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo sun bazu ne domin almajiri ya kan ari littafi ya kwafe da hannunsa, shi kuma ya ara wa wani.

Masanan duniya ma sun ga illar kullen. A 2002 wasu daga cikinsu suka fitar da sanarwar Budapest, suka nemi a sa sakamakon bincike a intanet kowa ya karanta kyauta. A shekaran nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI, a 2003 kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta buɗe AGORA, domin makarantun ƙasashe marasa ƙarfi su sami mujallun likitanci da na noma kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Tun 1998 akwai AJOL mai tara mujallun Afirka wuri guda. A Nuwamba 2021 ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawarar buɗe ilmin kimiyya ga kowa.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Waɗansu masu buga mujallu sun ɗauke kuɗin daga kan mai karatu sun aza wa marubuci. A 2021 mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 ga mai son a buɗe rubutunsa ga kowa. Ina malamin Aliero zai sami wannan? Ke nan an ba shi damar ji, an hana shi ta faɗa, alhali haɗin kai na gaskiya shi ne a karɓa a kuma bayar.

Muna kuwa da abin bayarwa, kuma nan ne aikin ya zo kanmu. Ya ku akawunan ƙananan hukumomi, lissafin buhunan da suka shiga kasuwar Jega, da farashinsu mako mako, da ranar da ruwa ya fara sauka a Maiyama, su ne irin bayanan da masu bincike ke nema ruwa a jallo. Ku rubuta su daidai, ku sa kwanan wata, ku tsare su daga gara, kada ku hana ɗalibin da ya zo nema da izini.

Ku kuma malaman makaranta, binciken da aka buɗe da Turanci har yanzu a kulle ya ke ga manomin da ba ya jin Turanci. Ku nemi abin da ya shafi noman garinku, ku tuntuɓi malamin gona ya tabbatar muku, sa'an nan ku juya shi da Hausa mai sauƙi ku karanta wa yara, su kai gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasashe sun ɗaga nasu gefen, saura namu. Allah ya ba mu ikon yi, amin.