IDAN HANYA TA RATSA GONARKA

Manoman Babban Mutum da sauran ƙasar Daura, ga magana ta shafe ku. A shekarar 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura. To, kowa ya ga an kafa turaku a gonarsa, dole hankalinsa ya tashi.

Ba laifi mutanen unguwa su ƙi hanya ta ratsa su, amma gardama ba ta tsai da katafila. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, yana da ikon karɓarta domin aikin jama'a. Abin da a ke biya kuwa ba ƙasar ba ce, abin da ke kanta ne, watau shuka, da gini, da rijiya, da itatuwa.

Saboda haka ranar da ma'auna suka zo, kada ka aiki yaro. Tsaya da kanka, tare da mai unguwa, a ƙidaya kowace ɗorawa da kuka da mangwaro, a rubuta a gabanka. In kuɗin bai gamshe ka ba, sai ka kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha.

Ku kuma taru ku nemi a bar burtali da mashigar amalanke tun ba a shimfiɗa layin dogo ba.