Imanin Mata Baƙar Fata a Adabin Bauta da Mulkin Mallaka

Tambayar da za mu duba a yau ita ce: wane makami ne ya rage wa macen da aka ƙwace ƙasarta, ko aka mayar da ita hajar sayarwa? Marubuta da dama sun amsa da cewa imaninta. Bari mu ɗauki misalai uku.

Na farko daga ƙasar Hausa ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi ta ƙone garuruwa har ta isa Lugu, kusa da Dogon Dutsi a Nijar, inda Sarauniya Mangu, shugabar Azna, ta tare ta. A littafinsa Sarraounia na 1980, Abdoulaye Mamani ya nuna cewa ko da yake an ci garin, tsafin sarauniyar ya ɗaure zukatan mayaƙanta, ya kuma jefa tsoro a zukatan sojojin da Turawan suka kwaso.

Na biyu ya kai mu Zimbabuwe. Littafin Nehanda na Yvonne Vera, wanda ya fito a 1993, ya ginu a kan matar da Shonawa suka yarda cewa ruhun kakanni na magana ta bakinta. Ta zuga tawayen 1896, Ingilishi suka rataye ta a 1898, amma sunanta ya zama kirarin mayaƙan 'yanci na baya.

Na uku daga Amurka yake. A cikin Beloved na Toni Morrison, na 1987, tsohuwa Baby Suggs takan tara tsofaffin bayi a wani fili cikin daji, ta umarce su da su yi kuka, su yi rawa, su ƙaunaci jikinsu wanda iyayen gijinsu suka wulaƙanta.

Abin da ya haɗa ukun shi ne, mai mallakar bawa yana bukatar bawan ya yarda cewa shi dukiya ce, kuma wannan yardar ce matan nan suka hana. Saboda haka idan ɗalibi ya tarar an kira irinsu matsafa a takardun mulkin mallaka, sai ya fara tambayar wanda ya riƙe alƙalamin.