Bai Iya Magana Ba, Amma Yana Ji

'Yan'uwa, a ajin baftisma mukan ce yaro ya gane idan ya amsa da baki ko ya ɗaga hannu. To, yaron da ya taso da shanyewar gaɓoɓi fa, wanda harshe da hannu duk sun ƙi masa? Sau da yawa mukan zaunar da shi a baya, ba mu tambayarsa komai.

A Amsterdam, ƙasar Holan, masana sun shirya gwajin C-BiLLT. Ana yi wa yaro magana, kwamfuta ta nuna hotuna biyu, shi kuwa ya zaɓa da ido, ko kai, ko ƙafa. Ta haka aka ga waɗansu bebaye suna fahimtar dogayen jimloli.

Mu ba mu da na'urar, amma muna da hotunan Makarantar Lahadi. Mu ɗaga biyu, mu jira. Mahaifiyarsa ta san yadda yake cewa "i".