Yumɓun Roba: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Mutanen da sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Fatake masu cinikin duwatsun wuya da carbi da zobba sun daɗe suna dogara ga wannan magana, gama tsohon ɗan kasuwa da ya ɗaga murjani ya duba ya san na kirki da na banza. To, ga wata sana'a ta bunƙasa a Turai da Amurka wadda ta sa ido shi kaɗai bai isa shaida ba. Ita ce kwaikwayon hauren giwa da murjani da duwatsu masu daraja, har da zinariya da tagulla, da wani abu wanda za a iya kira yumɓun roba.

Sunan yumɓu arowa ya yi, babu ƙasa a asalinsa. Garin roba ne mai suna PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa da wani mai da ke sa ta laushi, aka zuba launi. Ko ya yi wata a ajiye ba ya bushewa kamar yumɓun maginan tukwane, sai an gasa shi. Gashin nasa kuwa ba wuya, zafin digiri 110 zuwa 135 ya isa, wajen rabin sa'a, alhali tukunyar ƙasa ba ta gasuwa sai zafi ya kai wajen digiri 600 ko fiye. Saboda haka ko a ɗakin girki ana iya aikinsa.

Asalinsa daga Jamus ne. A 1939 wata mace da ake kira Fifi Rehbinder, 'yar shahararriyar mai yin 'yan tsana Käthe Kruse, ta soma gwada wani abu wanda bai yi wa uwarta amfani ba wajen yin kawunan 'yan tsana. Ta yi ta gyara shi har ta fitar da shi kasuwa a 1954. A 1964 kamfanin Eberhard Faber ya sayi sirrin haɗin, a 1966 ya sa masa suna FIMO. A Amurka ma an fitar da irinsa mai suna Sculpey a 1967. Da fari kayan wasan yara aka ɗauke shi. Daga baya masu aikin hannu suka gane yana karɓar kowace kama, har wata gwanar aikin, Tory Hughes, ta buga littafi a 2002 inda ta kamanta shi da hawainiya.

Ga yadda suke yi. In hauren giwa ake so, sai a murza farin yumɓu falle-falle da injin taliya, a murza wani wanda haske ke ratsawa, a jera su bisa juna, a yanka, a sāke jerawa, har layukan su yi sirara kamar jijiyar haure. Bayan gashi sai a zana shi da tsinin allura, a shafa fenti ruwan ƙasa, a goge, abin da ya maƙale cikin zanen ya ba shi kamar tsufa. In shuɗin dutsen nan ne da Larabawa ke kira fairuz, sai a daddatsa shuɗin yumɓu ƙanana, a mulke gutsattsarin da baƙin fenti, a matse su su zama curi guda. Da an yanka sai ga baƙaƙen jijiyoyi sun ratsa shuɗin kamar yadda suke a dutsen. Kahraman kuwa, watau ƙaron itacen nan da ya daskare tun zamanin da, wanda ake yin carbi mai tsada da shi, yumɓu mai ratsa haske ake rinawa rawaya, a goge shi da samfefa cikin ruwa, a murje da ƙyalle har ya yi sheƙi.

Ƙarfe ma bai tsira ba. Akwai wani dutse mai ƙyalli mai ɓarewa falle-falle, ana ce masa maika. Garinsa ake shafa wa yumɓun tun yana ɗanye, ya fito kamar zinariya ko azurfa ko jan ƙarfe. Sa'an nan a ɗiga koren fenti cikin lunguna, ya zama kamar koren tsatsar da ke fita jikin tsohuwar tagulla. Har wa yau sun ari dabarar maƙeran Japan ta ƙarni na 17, waɗanda ke jera ƙarafa iri iri su narke su tare, su sassaƙe har zane ya fito kamar jikin katako. Abin da maƙeri ke kwanaki yana yi da wuta da masaba, mai yumɓu ya yi shi da reza kafin azahar.

Sana'ar tana da amfani. Tun 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin hauren giwa tsakaninsu don kada giwa ta ƙare, ga shi kuwa an sami abin da ke ba ido abin da haure ke ba shi ba tare da an kashe dabba ba. Wadda ba ta da kuɗin murjani ta sami abin ado mara nauyi da araha. Galibin masu aikin ma ba su ɓoye kome, da sunansa na roba suke sayarwa.

Inda haɗarin yake shi ne bayan kaya ya bar hannun mai yinsa, ya bi hannu biyu ko uku, sunansa ya ɓace a hanya. Wannan ba sabon abu ba ne ga fatake. Tun ƙarni na 19 duwatsun gilashi na Benis da Bohemiya, masu kama da murjani da tsakiya, suke shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma, daga baya kuma aka kawo manyan rawayen duwatsu na roba aka riƙa kiransu kahraman. Mai karatu ya tuna cewa mace ba don ado kaɗai take sayen irin waɗannan kaya ba. Ajiya ce don ranar bukata. In ranar ta zo, ko aka zo rabon gado, aka kai wa dillali ya ce roba ce, asarar ta faɗa kan wanda ba shi da ƙarfin ɗaukarta. Malamai sun sani Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi cikin ciniki. Yin abin kwaikwayo sana'a ce, sayar da shi da sunan da ba nasa ba shi ne ha'inci.

Tun da ido ya kāsa, sai a kira waɗansu shaidu. Dutse da ƙarfe suna da sanyi in an ɗora a kumatu, suna da nauyi a tafin hannu. Yumɓun roba ba shi da sanyin nan, ba shi da nauyin nan, in an buga shi kuma ba ya amo. Murjani na gaske in an ɗiga masa ruwan lemun tsami inda ba a goge ba yakan yi 'yar kumfa, roba ba ta yi. Kahraman yakan taso cikin ruwan da aka cika wa gishiri. Haure in an duba bakin yankansa akan ga layuka sun gitta juna kamar saƙar raga. In shakka ta rage, da iznin mai kaya a ɗora allura mai zafi a bakin hudar dutsen. Kahraman zai ba da ƙanshin ƙaro, roba kuwa ta ba da wari mai ɗaci wanda bai kamata a shaƙa ba.

Amma shaidar da ta fi duka sauƙi tana bakin mai sayarwa. Wanda ya ce wa mai saye, wannan roba ce, aikinta ya yi kyau, kuɗinta kaza, ya ci halalinsa, gobe ma mai sayen zai komo rumfarsa. Allah ya tsare mai saye da mai sayarwa, amin.