Rediyon Masana'antu: Aikin Daidaitawa Da Aikin Sa Ido



Rediyon da zan yi magana a kansa yau ba wanda muka saba murɗawa mu ji labarai ba ne. Wani iri ne da na'urori ke magana da juna da shi a matatar mai, ko gidan ruwa, ko ma'aikatar siminti. Ma'auni yana manne a jikin tanki ko bututu, yana auna zafi, ko matsi, ko yawan abin da ya rage, sa'an nan ya aika da sakamakon zuwa ɗakin da injiniyoyi ke zaune. A da, sai an ja waya daga kowane ma'auni, kuma sau da yawa kuɗin haƙa rami da shimfiɗa wayar ya fi kuɗin ma'aunin kansa. Wannan ne ya sa aka karkata ga rediyo.

Daga cikin tsare-tsaren da aka fi amfani da su akwai WirelessHART, wanda aka fitar a 2007, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya kuma ta amince da shi a 2010. Yana aiki a zangon gigahaz 2.4, inda yake da kafofi 15. An raba kowane sakan gida 100, ko wace na'ura kuwa an yanka mata gidan da za ta yi magana a cikinsa da kafar da za ta bi, kuma kafar tana sauyawa daga wannan saƙo zuwa na gaba, domin in hayaniya ta toshe ɗaya a samu wucewa ta wata. Ƙarfin muryar na'urar bai wuce miliwat 10 ba a mafi yawan lokuta, saboda haka wadda ta yi nisa sai ta miƙa saƙonta ga maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa gaba, har ya isa babbar mashiga. Akwai kuma wata manhaja da ke raba lokaci da hanyoyi ga kowa; ni ina kiranta madugu, don aikinsu ɗaya.

To, ina aikin mutum? Na farko shi ne daidaitawa. Kafin na'ura ta shiga ayari sai an ba ta lambar tsarin da mabuɗin shiga, sa'an nan a yanke sau nawa za ta riƙa aika saƙo. Nan ne ake yawan kuskure. Shugaban sashe yakan so ya ga sabon awo kowane sakan, alhali tankin nasa sai ya yini bai sauya ba. Batirin da zai iya shekaru masu yawa in ana aikawa sau ɗaya a minti, ba zai kai ko kusa da haka ba in ana aikawa kowane sakan. Haka kuma masu sana'ar sukan ba da shawara kowace na'ura ta samu maƙwabta aƙalla uku da take jin muryarsu, domin in hanya guda ta yanke kada ta zama marainiya. Sai batun Wi-Fi, wanda shi ma a zangon nan yake zaune, kuma kafarsa guda tana iya mamaye wajen kafofi huɗu na ma'aunai. Mai daidaitawa yana da ikon hana madugu amfani da kafofin da suka cika hayaniya, amma sai ya auna ya gani tukuna.

Aiki na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne sa ido. Waya in ta tsinke ta tsinke, kowa ya sani. Rediyo ba haka yake mutuwa ba. A hankali yake ramewa. An gina sabon tanki a tsakanin na'urori biyu, ko an kafa ƙarafan gyara, ko ruwan sama ya shiga mahaɗin eriya ya yi tsatsa. Saƙo zai ci gaba da isowa, domin na'ura tana sake aikawa ko ta zaga ta wata hanya, saboda haka a allo komai lafiya. A ƙarƙashi kuwa yawan sake aikawa yana hauhawa, kuma ma'auni guda da ya zama gadar kowa yana shanye batirinsa kafin lokaci. Ranar da ya mutu, duk na bayansa za su yi shiru tare. Abin da ya kamata a riƙa dubawa a rubuce shi ne ƙarfin sigina, da kashi nawa na saƙonni ke wucewa a karon farko, da yawan maƙwabtan kowace na'ura, da ƙarfin batir, a kuma gwada na wannan wata da na watan jiya. Lamba ɗaya tilo ba ta faɗin komai.

Bari in kawo abin da ya faru a gundumar Maroochy ta jihar Queensland a Ostareliya a shekarar 2000. Tsarinsu ya girmi wanda na bayyana, amma shi ma ta rediyo tashoshin tura ruwan ƙazanta, fiye da 140, ke magana da cibiya. A farkon shekarar famfuna suka fara tsayawa ba dalili, ƙararrawar gargaɗi ba ta isa cibiya, saƙonni suna ɓacewa. Da farko an ɗauka matsalar sabon aiki ce. Sai da wani injiniya ya shiga rubuta duk saƙonnin da ke yawo a iska aka gane cewa akwai baƙuwar murya da ke shigar burtu da sunan ɗaya daga cikin tashoshin. Ashe tsohon ma'aikacin kamfanin da ya kafa tsarin ne, wanda ya nemi aiki a gundumar bai samu ba, yake yawo a mota da rediyo da kwamfuta yana ba famfuna umarni. Kafin 'yan sanda su kama shi a watan Afrilu, kimanin lita 800,000 na ƙazanta sun malala cikin wuraren shaƙatawa da magudanan ruwa. A 2001 aka ɗaure shi shekara biyu.

Tsare-tsaren yanzu suna kulle kowane saƙo da mabuɗi, abin da na Maroochy ba ya yi. Amma ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu, waɗanda su ne ke karɓar irin wannan aiki daga hannun 'yan kwangila, ya kamata su tambaya ran miƙa aiki: wa ke riƙe da mabuɗan, an sauya waɗanda na'urorin suka zo da su daga kamfani, kuma wane ma'aikaci aka ɗora wa karanta rahoton lafiyar tsarin kowane mako bayan ɗan kwangila ya tafi?